A Taɓa Hannun Dattijo Kafin A Ce Gigin Tsufa Ne

A gidajenmu, idan dattijo ya fara manta raka'a nawa ya yi, ko ya riƙa maimaita tambayar da aka amsa masa ɗazu-ɗazun nan, ko ya je kasuwar da ya girma a cikinta ya kasa gane hanyar gida, hukunci ɗaya ake yankewa: tsufa ya zo. Idan tsohuwa ce marar gata, wani lokaci abin ya fi haka muni, don da maita ake jifanta. Ba safai wani yake tunanin kama wuyan hannun mutumin ya ji yadda jijiyarsa take harbawa ba, domin a ganinmu zuciya da ƙwaƙwalwa kowa harkarsa daban. Ra'ayina shi ne wannan sakaci yana jawo mana asarar da ba ta kamata ba. Akwai wani nau'in rikicewar bugun zuciya da yake cin ƙwaƙwalwa, wani lokaci farat ɗaya ta hanyar shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci kuma a hankali ba tare da kowa ya ankara ba, alhali yatsu biyu da minti ɗaya sun isa a fara zarginsa. Ya kamata taɓa jijiyar hannu ya zama wajibi a duk inda ake auna hawan jini a ƙasar nan, daga asibitin koyarwa har ɗakin shan magani na ƙauye.

Zuciya ɗaki huɗu ce, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gurbi da yake sakin lantarki a kan ƙa'ida, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa, sai ɗakunan sama su matsa, na ƙasa su biyo baya. A ciwon da likitoci suke rubutawa AF a katin marar lafiya, wanda zan kira karkarwar zuciya, wannan oda takan watse. Lantarki yakan riƙa tashi ta ko'ina a ɗakunan sama, sau 300 zuwa 600 a minti, sai su daina matsawa su koma makyarkyata kawai. Ɗakunan ƙasa kuma suna amsa wasu saƙonnin su bar wasu, shi ya sa bugun yake zuwa ba tsari: biyu da sauri, sai jinkiri, sai ɗaya mai ƙarfi, sai mai rauni. Wani yakan ji faɗuwar gaba, ko haki, ko jiri, ko kasala. Amma wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba sa jin komai, kuma haɗarinsu bai fi na masu ji sauƙi ba. Ya kamata a faɗa tun nan cewa ba kowace faɗuwar gaba ce wannan ciwo ba. Tsallaken bugu ɗaya jefi-jefi yana samun kusan kowa kuma yawanci ba shi da lahani. Tsoro, zazzaɓi da ƙarancin jini duk suna sa zuciya gudu. Awon lantarkin zuciya, wato ECG, shi ne yake raba gardama.

Abin da ya haɗa wannan ciwo da ƙwaƙwalwa shi ne jinin da ya tsaya. A jikin ɗakin sama na hagu akwai wani ɗan aljihu, idan ɗakin ya daina matsawa sai jini ya kwanta a ciki ya yi gudaji, kamar kunun da aka daina damawa. Ran da gudan ya ɓalle, sai ya bi babbar jijiya, kuma ƙwaƙwalwa ce ta fi zama a kan hanyarsa, domin ko da yake nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana karɓar wajen kashi 15 na jinin da zuciya take turawa, tana kuma cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin. Idan gudan ya toshe babbar jijiya, sai a ga bakin mutum ya karkace, hannu da ƙafa sun mutu, magana ta sarƙe, a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa. Binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka fara tun 1948 ana bin lafiyar mutanen gari guda daga iyaye zuwa jikoki, ya nuna a rahotonsa na 1991 cewa karkarwar zuciya tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Irin wannan shanyewa kuma ta fi kisa da nakasawa, saboda gudan da ya fito daga zuciya babba ne. Wannan ɓangaren ba a gardama a kansa.

Inda maganar ta fi ɗaukar hankali shi ne mutanen da ba su taɓa faɗuwa ba, bakinsu bai karkace ba, amma tunaninsu yana raguwa. A 1997 masu binciken birnin Rotadam na ƙasar Holan, bayan sun duba mutum fiye da 6,000 masu shekara 55 zuwa sama, sun ga cewa ruɗewar ƙwaƙwalwa ta ninka fiye da sau biyu a cikin masu karkarwar zuciya, kuma shanyewar jiki ba ta isa ta bayyana bambancin ba. An daɗe ana neman dalili, har na'urar MRI ta fara nuna shi ƙarara. A wani bincike na ƙasar Suwizalan da aka wallafa a 2019, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo fiye da 1,700. Cikin waɗanda ba su taɓa samun shanyewar jiki ba, kusan 15 cikin 100 suna ɗauke da babban tabo na inda jini ya taɓa yankewa, wasu kuma suna da ƙananan tabo, kuma masu manyan tabon sun fi faɗuwa a gwajin tunani. Wato shanyewar ta faru, sai dai ta faɗa a sashen da ba ya motsa hannu ko harshe, shi ya sa ba wanda ya kai su asibiti. Abin da ta ɗauka shi ne saurin fahimta, da iya tsara aiki, da riƙe lissafi, irin abubuwan da ɗan kasuwa yake rasawa a ce ya tsufa ya bar wa yara shago. Akwai kuma hanya ta biyu. Zuciyar da ba ta bugawa a kan tsari ba ta cika sosai kafin ta tura, don haka jinin da yake isa kai yana raguwa kuma yana hawa da sauka. Binciken tsofaffin birnin Rekyabik na ƙasar Aislan ya sami raguwar jinin da yake shiga ƙwaƙwalwa da kuma ƙanƙancewarta a cikin waɗanda ciwon ya zaunar musu dindindin.

Mai hankali zai ce a dakata. Wanda yake da karkarwar zuciya yawanci tsoho ne, mai hawan jini, mai ciwon suga ko ƙiba, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana lalata ƙwaƙwalwa da kansa. Ta yaya za a tabbatar zuciyar ce mai laifi ba abokan tafiyarta ba? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma amsarta ba ta cika ba. A gefe guda, masu bincike a Suwidin sun duba bayanan mutum 444,106 masu ciwon, suka wallafa a 2018 cewa waɗanda suke shan maganin tsinka jini sun fi sauran kuɓuta daga ruɗewar ƙwaƙwalwa da kashi 29 cikin 100. Sai dai duba bayanan asibiti ba gwaji ba ne, domin mai yiwuwa likitoci sun fi ba masu ƙwarin jiki da natsuwa maganin tun farko. A ɗaya gefen, gwajin BRAIN-AF na ƙasar Kanada, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2024, ya ba masu ciwon da ba su tsufa ba kuma haɗarin shanyewarsu kaɗan ne maganin tsinka jini na rivaroxaban, bai ga wani amfani ga tunaninsu ba, har aka tsayar da shi kafin lokaci. Kwamitin mujallar Lancet kan ruɗewar ƙwaƙwalwa, a rahotonsa na 2024, ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa don rage cutar, hawan jini da suga suna ciki, karkarwar zuciya ba ta ciki. Don haka duk wanda ya ce maganin tsinka jini maganin mantuwa ne ya wuce gona da iri. To amma hujjata ba ta dogara da wannan ba. Abin da aka tabbatar da gwaje-gwaje masu yawa shi ne maganin tsinka jini na warfarin yana rage shanyewar jiki a masu wannan ciwo da kusan kashi biyu cikin uku, kuma shanyewar jiki ita kanta babbar ƙofa ce ta ruɗewar ƙwaƙwalwa. Wanda ya tsallake ta ya tsira da hannunsa, da harshensa, da wani kaso na hankalinsa. Idan nan gaba aka tabbatar maganin yana kare ƙwaƙwalwa ta wata hanyar kuma, riba ce a kan uwar kuɗi.

Sukar da ta fi wannan ƙarfi a wurinmu ita ce a ce ciwon Turawa ne, na ƙasashen da mutane suke kai shekara 80 da 90, mu kuwa hawan jini ne yake kashe mu. Rabin maganar gaskiya ce. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini yana da hannu a kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar jiki a yankin, kuma bincike a Amurka ya sha nuna cewa ana samun karkarwar zuciya a baƙaƙe ƙasa da yadda ake samu a farare. Amma hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba shi ne yake kumbura ɗakin sama na hagu har lantarkinsa ya rikice, don haka mai hawan jini na yau shi ne mai karkarwar zuciya na gobe, kuma mutum ɗaya ne yake zaune a kan benci ɗaya a asibiti. Sannan muna da wata ƙofar da Turawa suka kusa rufewa. Ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin bakteriya da yake kama yara, idan ba a ba da penisilin ba, yakan sa garkuwar jiki ta juya ta ci ƙofofin zuciya, bayan shekaru ƙofar ta ƙuntata, ɗakin da yake bayanta ya buɗe, karkarwa ta shiga. Wannan cuta tana kashe mutum fiye da 300,000 a duniya duk shekara, galibi a ƙasashen talakawa, inda ake cunkoso a ɗaki guda. Wata rajista ta ƙasa da ƙasa da aka wallafa a 2014 ta nuna cewa kashi 21.5 cikin 100 na masu karkarwar zuciya da suka je sashen gaggawa a Afirka suna da wannan lalacewar ƙofa, alhali a Arewacin Amurka kashi 2.2 ne kacal. Da aka bi su shekara guda, wajen ɗaya cikin biyar na 'yan Afirka sun rasu, ninki biyu na abin da aka gani a Arewacin Amurka da Yammacin Turai. Namu marar lafiyar ba lallai tsoho ba ne. Sau da yawa matar aure ce mai goyo, ko magidanci da yara ke jiran ya dawo da cefane. Kuma a ƙasar da yawancin ƙananan asibitoci ba su da na'urar ECG, ƙarancin adadi a takarda ba ya nufin ƙarancin ciwo.

Sai batun magani, kuma a nan ne masu ja da baya suke da hujja mafi kama hankali. Maganin tsinka jini ba alawa ba ne. Yana iya sa zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwar da ake son karewa, musamman idan hawan jini bai sauka ba. Warfarin yana da araha amma yana da wuyar sha'ani: sai an riƙa gwajin INR a kai a kai don a ga jinin bai yi kauri ba bai kuma tsinke da yawa ba, ganyaye irin su alayyafo da zogale suna rage ƙarfinsa idan aka ci da yawa yau gobe aka bari, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna ƙara shi, mai ciki kuma sai da kulawar ƙwararre domin yana iya cutar da ɗan tayi. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa sai Allah ya kiyaye. Sababbin magunguna, dabigatran da rivaroxaban da apixaban, waɗanda gwaje-gwajensu suka fito tsakanin 2009 da 2011, ba sa buƙatar wannan awo kuma sun fi rage zubar jini a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da ba a rabuwa da su a 2019, amma har yanzu kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Ba kuma kowa suke wa daidai ba. Gwajin INVICTUS na 2022, da aka yi kan mutum fiye da 4,500 a Afirka da Asiya da Latin Amurka waɗanda karkarwarsu ta samo asali daga lalacewar ƙofar zuciya, ya nuna tsohon maganin irin warfarin ya fi rivaroxaban rage mutuwa. Ma'ana, ba mu da damar tsallake gina wuraren gwajin INR mu ce sabon magani ya wadatar. Duk wannan gaskiya ne, sai dai abin da yake nunawa shi ne a tantance wanda za a ba da wanda ba za a ba ba, likitoci kuma suna da ma'auni na yin haka ta shekaru, da hawan jini, da suga, da raunin zuciya, da ko an taɓa shanyewa. Abin da bai kamata a ci gaba da yi ba shi ne sallamar mai wannan ciwo da aspirin don a kwantar da hankali. Kariyarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, ga shi yana da nasa haɗarin zubar jini, manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya ma sun daina ba da shawararsa ga wannan aiki. Mafi muni kuma shi ne mutum ya ji labari ya je kemis ya sayi maganin tsinka jini da kansa.

Ko da babu kuɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ganowa ba ta tashi a banza. Wanda aka san yana da ciwon za a matsa wajen saukar da hawan jininsa, a duba ko maƙoƙo ne ya zaburar da zuciyar, wanda kuma yana da magani, a rage gudun bugun da ƙwayoyi masu araha don kada zuciyar ta gaji, a yi masa maganar ƙiba da giya da minsharin da yake yanke numfashi cikin barci. Iyalinsa kuma za su san cewa ran da bakinsa ya karkace ko maganarsa ta sarƙe, ko da ta dawo bayan minti goma, asibiti za a nufa a take.

Wasu za su kawo hujjar cewa Turawan ma ba su daidaita a kan bin mutane gida-gida ana neman ciwon ba. Haka ne. A Danmak, gwajin LOOP na 2021 ya dasa wa tsofaffi 'yar na'ura a ƙarƙashin fata tana sauraron zuciya dare da rana; an gano ciwon ninki uku, amma raguwar shanyewar jiki ba ta kai a kafa hujja da ita ba, saboda yawancin abin da aka kama gajerun karkarwa ne na mintuna ko sa'o'i. Ba wannan nake kira a yi ba. Abin da ya dace da mu shi ne wanda aka gwada a Ingila aka wallafa a 2007, kan mutum kusan 15,000 masu shekara 65 zuwa sama: a taɓa jijiyar duk wanda ya zo asibiti da wata lalura, idan ba ta kan tsari a tura shi ECG. Wannan hanya ta gano masu ciwon daidai da gayyatar kowa da kowa a yi masa awo, da kuɗi kaɗan. Ciwon da yatsa ya kama a minti guda kuwa galibi wanda ya zauna ne, irin wanda aka tabbatar magani yana amfani a kansa. Abin takaici, ci gaba ne ya raba mu da wannan ɗabi'a. A da malamin asibiti yana sa abin sauraro a kunne yana jin bugun da kansa yayin da yake auna jini. Yanzu na'urar batir ce, a danna ta, a karanta lamba biyu, a rubuta, a kira na gaba. Da yawan waɗannan na'urori suna nuna wata 'yar alama idan bugun ya rikice, ba kowa yake kallonta ba, kuma lambar da suke bayarwa ba abar dogaro ba ce idan zuciya tana karkarwa, shi ya sa ƙa'idar likitocin Birtaniya ta ce a fara taɓa jijiya kafin a ɗaura na'urar.

Kwamishinonin lafiya na jihohinmu ba sa buƙatar sabon kasafi don su fara. A ƙara layi ɗaya a katin awon hawan jini da na masu juna biyu, a rubuta ko bugu yana kan tsari ko ba ya kai, a koya wa nas-nas da ma'aikatan lafiya na karkara cika shi. A tabbatar kowane babban asibitin ƙaramar hukuma yana da na'urar ECG mai aiki da wanda ya iya karanta ta, da wurin gwajin INR, hukumomin inshorar lafiya na jihohi kuma su sa magungunan tsinka jini cikin abin da suke biya. Kai kuma mai karatu, idan kana da mahaifi ko mahaifiya da suka haura 60, ko ɗan uwa mai hawan jini, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ka ƙirga har minti ɗaya. Idan bugun ba ya bin tsari, ka kai shi asibiti a yi masa ECG, kada ka jira sai ya faɗi.